Bajon MN da Lambobin Jiragen Dakon Kaya na Lokacin Yaƙi: Ku Karanta Kafin Ku Sake Tambaya

Tambayoyin nan kan bajon MN (Merchant Navy, wato jiragen ruwan 'yan kasuwa na Birtaniya) da lambobin ma'aikatansu sun ishe ni, kullum su ne dai. Ga amsoshin wuri guda.

Na sojojin ruwa ne?

A'a. Sau nawa zan faɗa? Masu su farar hula ne, ma'aikatan jiragen 'yan kasuwa na Birtaniya da suka yi dakon abinci, mai da makamai a Yaƙin Duniya na Biyu. Sama da 30,000 daga cikinsu sun mutu. Har zuwa 1941 ma, ranar da jirginka ya nutse, ranar albashinka ke tsayawa.

In goge bajon ya yi ƙyalli?

Kada ka kuskura. Baƙin da ya yi shi ne shaidar shekarunsa.

To mene ne bajon MN ɗin?

Ɗan ƙaramin farin ƙarfe ne da ake maƙalawa a ƙirjin kwat: harufan MN, igiya ta kewaye su, kambi a sama. A farkon 1940 aka fara raba shi, don yawancin ma'aikatan ba su da yunifom, in sun sauka gari sai a riƙa yi musu kallon matsoratan da suka guje wa yaƙi.

Ta yaya zan gane nawa na lokacin yaƙi ne, ba jabu ba?

Yawwa, wannan ita ce tambaya. Gaskiya babu gwaji ɗaya da zai raba gardama, kuma duk wanda ya ce maka daga hoto kawai ya tabbatar, rabu da shi.

Masu tara lambobin soja sun saba duba kambi, domin bayan 1953, zamanin Sarauniya Elizabeth, siffarsa ta sauya. Wannan dabara ba ta aiki a nan. Kambin MN na teku ne, wanda aka tsara da filafilai da bayan jirage, kuma bai sauya da sauyin sarauta ba. An ci gaba da buga bajon bayan yaƙi, har yau ana sayar da sababbi.

Saboda haka juya shi ka dubi baya. Tsofaffi galibi suna da ɗan ƙarfe mai kamar kofaton doki da ake zurawa a ramin maɓalli. Na ce galibi, don fil ma ba hujjar jabu ba ce, wasu sun sauya da kansu. Dubi zaren igiyar da madubin ƙara girma: in ya fito tsaf, bugu ne, in ya cakuɗe da 'yan ramuka, wataƙila zubi aka yi daga wani. Amma wanda ya sha hannu shekara 80 shi ma yakan side, to ka ga matsalar.

Bajon hula kuwa, mai anka a kan jan ƙyalle da ganyaye na zaren zinariya, ana haska shi da fitilar gane jabun kuɗi. In zaren baya ya yi haske fari fat, alama ce ta sabon zare. In bai yi ba, ba a gama magana ba, masu jabu ma sun san fitilar.

Ni abin da na fi yarda da shi takarda ce. Kowane ma'aikaci yana da littafin sallama mai sunansa, lambarsa da jiragen da ya yi wa aiki. Bajo tare da littafin nan ya fi goma marasa shi, kuma ana iya bin sunan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew, a Landan.

Lambar yabona ba suna a jiki. An cuce ni?

Kwantar da hankalinka. Atlantic Star, lambar yabon aiki a tekun Atlantika, da 'yan uwanta na yaƙi na biyu haka Birtaniya ta raba su, ba suna. Ta yaƙin farko ce, Mercantile Marine War Medal, mai ƙyalle kore da fari da ja, ke da suna a gefe. Ita in babu, sai ka yi tambaya.

Igiyoyin hannun riga fa?

Huɗu kyaftin. In da siffar daimon irin ta karta, na 'yan kasuwa ne, na sojan ruwa zobe yake da shi. Launin tsakani shi ke nuna sana'a: shunayya injiniya, ja likita, fari mai kula da kuɗi. Sai dai wasu kamfanoni sun bi nasu tsarin.

Akwai wanda ya shafe mu?

Akwai mana, kuma haushina ke nan, kowa kayan kamfanin jiragen Cunard yake nema. Nemi maɓalli ko bajon hula na Elder Dempster, kamfanin Libaful da jiragensa ke zirga-zirga zuwa Firitawun, Takoradi da Legas, inda gyaɗar Kano ke sauka daga jirgin ƙasa. 'Yan Afirka ta Yamma da yawa sun yi aiki a cikinsu. Jiragensa Accra da Apapa sun nutse a 1940, Abosso a 1942 da mutum sama da 300.

Nawa zan sayar da nawa?

Bajon MN shi kaɗai, an buga shi da yawan gaske. Ba zai kai ka Makka ba.