Waiwaye: Yadda adon Keltawa ya zagaye Turai

Duk wanda ya taɓa ganin wannan zanen mai kama da igiya da aka saƙa ba farko ba ƙarshe, a jikin zobe ko kuros na ƙasar Ayalan, za a ce masa ai zanen Keltawa ne, wato wasu tsoffin ƙabilun Turai, na tun asali. To gaskiya wannan saƙar daga baya ta zo, wajen ƙarni na 7, a hannun malaman Kirista masu kwafar Linjila, irin Littafin Kells na wajen shekara ta 800 da ke Dublin yanzu.

Asalin labarin daga gishiri ya faro. A Hallstatt ta Ostiriya mutane sun yi arziki da haƙar gishiri tun wajen 800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a 1846 ne Ramsauer, shugaban mahaƙar gishirin, ya fara tone kaburburansu, ya tono kusan 1,000. Manyan Keltawan wancan zamani kuma masu son kayan waje ne sosai, a Vix ta Faransa an binne wata mata da wata ƙatuwar randar tagulla ƙirar Girkawa mai cin lita 1,100, ta giya ce, kuma tun daga kudu aka ɗauko ta.

Nan ne abin ya fi burge ni. Maƙeransu sun ga ganye da furen da Girkawa da Etruskawan Italiya ke zanawa amma ba su kwafa haka nan ba, sai suka murɗa su suka lanƙwasa har ka rasa ganye kake kallo ko fuskar mutum ce ta ɓuya a ciki, wannan salon shi ake kira La Tène, sunan wani wuri a bakin tafkin Neuchâtel na Suwizalan inda aka tsinci takubba a 1857. Ya fara ne wajen 450 kafin haihuwar Annabi Isa, a jikin kuben takobi da garkuwa da abin wuya. Abin wuyan da aka tono a Snettisham ta Ingila kaɗai ya ɗan haura kilo 1, zinare da azurfa, waya 64 aka murɗa.

Yaƙi kam sun yi, sun ci Rum wajen 390 kafin haihuwar Annabi Isa, sun kai Delphi ta Girka a 279, wasu suka zauna a yankin Ankara. Amma masana da yawa yanzu na ganin fatauci da auratayya da yawon maƙera sun kai adon inda mayaƙa ba su taka ba, musamman Birtaniya da Ayalan. Bayan Siza, jagoran Rumawa, ya ci Gol, wato yankin Faransa ta yau, a 52 kafin haihuwar Annabi Isa, salon ya dusashe a can, sai Ayalan da Rumawa ba su taɓa mulka ba ta riƙe shi har ya haɗu da waccan saƙar.