Me Ake Nufi da "Indie Rock"?

Kalmar indie, wadda ake furtawa "indi", gajeriyar siga ce ta kalmar Turanci independent, wato mai cin gashin kansa, shi kuwa rock kiɗa ne da ya dogara da jitar lantarki da ganguna. Da farko kalmar indie tana nuni ne ga wanda ya ɗauki nauyin naɗar waƙa da buga faifai da kai shi kasuwa, wato mawaƙan da kansu ko ƙaramin kamfani, ba babban kamfani ba. A 1977 ƙungiyar Buzzcocks ta birnin Manchester a Ingila ta fitar da faifanta na farko da kuɗin da ta ranta daga dangi da abokai, a 1980 kuma aka fara wallafa jadawalin ciniki na musamman domin faya-fayan ƙananan kamfanoni irin su Rough Trade.

Ƙarfin irin wannan kundin waƙoƙi da rauninsa daga tushe ɗaya suke fitowa, wato ƙarancin kuɗi da rashin mai sa ido. Kundin farko na ƙungiyar Nirvana, mai suna Bleach, wanda ƙaramin kamfanin Sub Pop na birnin Seattle a Amurka ya fitar a 1989, bai ci fiye da dala 606 da 'yan kai ba wajen naɗa. Babu wani shugaban kamfani da ya tsaya a kansu yana cewa a sassauta ƙarar jita domin gidajen rediyo su karɓa, saboda haka mai sauraro yana jin zafin matasan kamar yana tsaye tare da su a ɗakin. Wannan ne abin da nake ƙauna a irin waɗannan ayyuka. Sai dai gaggawar da ta kiyaye wannan zafi ita ce ta sa kayan kiɗan suka cakuɗe har murya take nutsewa a wasu wurare, waƙoƙin ƙarshen kundin suka yi kama da juna, baitoci da dama kuma suka zama layi biyu ko uku da ake ta maimaitawa. Da an sami wani gogagge mai ikon cewa a sake wannan, a cire wancan, da kundin ya fi haka tsari, ko da yake wataƙila da ya rasa wani abu na kaifinsa.

Daga baya ma'anar ta sauya. A 2001 ƙungiyar The Strokes ta birnin New York ta fitar da kundinta na farko a Amurka ta hannun RCA, ɗaya daga cikin manyan kamfanoni, amma duk da haka indie ake kiran ta, domin kalmar ta koma bayyana sauti: jita mai kaushi, murya marar ado, da naɗi da ake barin sa da gangan ba a goge ba. Shi ya sa a yau za a iya kashe maƙudan kuɗi a babban situdiyo domin a samar da kaushin da a 1989 rashin kuɗi ne ya haifar da shi.