Rodin wayar ƙasa: shin da gaske an haramta na galbanayiz?

Magana na yawo a tsakanin masu gini cewa duk wanda ya binne farin rodi na galbanayiz, wato ƙarfe mai rufin tutiya, a matsayin wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira atin, ya karya doka, kuma za a yanke masa wuta in bai sauya da jan ƙarfe ba. Har wasu sun fara shirin tone wanda suka binne. A dakata tukuna.

NERC, hukumar da ke tsara harkar lantarki a Najeriya, ita ce ta fitar da ƙa'idojin wayarin da ake kira NESIS a 2015, NEMSA kuma, hukumar da ke duba wayarin da kayan lantarki, ita ke tabbatar da ana bin su, aikin da Dokar Lantarki ta 2023 ta bar mata. Gida, shago, masana'anta, makaranta, duk sun shiga. Sharaɗin shi ne a duba wayarin, a gwada shi, a ba da takardar shaida kafin a jona wuta. Ƙa'idar Ingila ta BS 7430 da ta Indiya IS 3043 duk sun amince da ƙarfe mai rufin tutiya, har ta Indiya ta yi bayanin binne bututunsa mai tsawon mita 2.5.

Inda ake ruɗewa shi ne wajen gwajin. Mai dubawa ba launin rodi ya zo gani ba, na'ura zai sa ya auna turjiyar ƙasa, wato yadda ƙasar ke tare wuta, wadda ake aunawa da om. Ga dalili: wutar gidajenmu bolt 230 ce. Idan waya ta zube ta taɓa jikin firij, turjiyar rodin kuma om 100 ce, amfiya 2.3 kacal za ta bi ta ƙasa. Wannan ba zai ƙona fiyus mai amfiya 13 ba, sai firij ya zauna da wuta a jikinsa yana jiran hannun yaro. Shi ya sa rodi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da bireka mai jin yoyon wuta, irin mai miliamfiya 30. Rodin jan ƙarfe da aka soka cikin busasshen rairayi zai faɗi gwaji, na galbanayiz da ya kai ga laima ya ci.

Na galbanayiz yana da nasa rauni, kuma masu tsoron suna da 'yar gaskiya a nan. Tutiyar ce ke cinyewa don kare ƙarfen, in ta ƙare sai tsatsa. Gishirin da ake zubawa cikin ramin rodin tare da gawayi yana rage turjiya, amma yana hanzarta cin rodin. Haka ma ɗaura wayar jan ƙarfe kai tsaye a jikinsa cikin laima, mahaɗar ce ke fara ruɓewa. A Arewa kuma, awon da aka yi a Agusta ba zai tsaya haka ba a Maris, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau.

Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne dogaro da bututun gas ko bututun ruwan famfo a madadin rodin wayar ƙasa. Ƙa'idar wayarin ta Ingila, BS 7671, ta hana duka biyun. Ranar da mai gyaran famfo ya sa guntun roba a tsakiya, kariyar ta tafi ba wanda ya sani.

Hukuncin da ya fi shafar mai gida shi ne hana jona wuta, ko cire ta har sai an gyara. Ban ga zalunci a wannan ba. Abin da ke damuna shi ne ɗan haya, wanda bai ga ramin ba, bai ga takarda ba, amma shi shokin zai kama a banɗaki. Kafin ka biya kuɗin haya ko ka sallami mai wayarin, ka ce a nuna maka inda aka binne rodin, da adadin om ɗin da aka auna, da watan da aka yi awon.