Matakin Farawa a Wasannin Tatsuniya na Kan Tebur

Matakin farawa shi ne gwargwadon ƙarfi da gogewar da ake ba jarumi a ranar da aka ƙirƙire shi a wasan tatsuniya na kan tebur. A irin wannan wasa mutane kaɗan ne ke zama, kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, jagoran wasa yana ba da labari, ƙwayar jefawa kuma tana yanke hukunci. Ƙwayar 'yar'uwar ta lido ce da ake bugawa a majalisun Bauchi da Gombe, sai dai wata tana da fuska har 20.

Tarihi

Wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, shi ya kafa al'adar farawa daga mataki na 1. Jarumin wancan zamani abin tausayi ne. Mai sihiri tsafi ɗaya tak yake iya yi a yini, in ya yi shi ke nan, sai ya raɓe bayan abokansa. Makin ransa kan zama biyu ko uku, sara ɗaya ya ishe shi. Mayaƙi kuwa sai ya tara makin gogewa 2,000 kafin ya taka mataki na 2, kuma yawancin makin daga dukiyar da aka kwaso yake fitowa. Wannan ya koya wa 'yan wasa wayo: a lallaɓa, a kauce wa dodo, a fito da zinari. Duk da wannan rauni, laƙabin da dokar ta ba mayaƙin mataki na 1 yana nufin tsohon soja, sai a mataki na 4 ake kiransa gwarzo.

Ba a daɗe ba wasu suka bi wata hanya. Traveller na 1977, wanda labarinsa na sararin samaniya ne, yana ɗaukar jarumi yana ɗan shekara 18 ya bi da shi ta aikin soja ko fatauci, zango-zango na shekara huɗu, ya fito magidanci da sana'a a hannu. A bugun farko jarumi na iya mutuwa tun ana cikin ƙirƙirarsa. RuneQuest na 1978 ya watsar da matakai, ya auna kowace fasaha da kaso cikin ɗari. GURPS na 1986 ya ba jagora damar yanke makin da kowa zai sayi iyawarsa da shi. A 1991 Dark Sun, wata duniya ta wasan Dungeons & Dragons, saboda tsananin hamadarta, ta sa a fara daga mataki na 3.

Mafi ƙayatarwa shi ne Dungeon Crawl Classics na 2012, wanda ya koma ƙasa da inda aka faro. Kowane ɗan wasa yana riƙe talakawa uku ko huɗu a matakin sifili, wannan manomi, wancan maƙeri. Wanda ya fito da rai daga kasadar farko shi ne jarumi, kuma labarinsa an ga yadda ya faru a kan tebur, ba sai an ƙago masa ba.

Saɓani

Masu son farawa daga ƙasa sun ce daɗin wasa yana cikin girma, kamar Auta na tatsuniya da ake rainawa kafin ya kashe dodo. Wasu sun ce ba su zauna don a kashe su a daren farko ba. Akwai kuma matsalar da ta fi waɗannan damun jagora: ɗan wasa ya rubuta cewa jaruminsa sarkin baka ne da ya ƙure dajin Yankari, alhali takardarsa ta nuna kura ɗaya za ta kayar da shi. Dole tarihin jarumi ya yi daidai da matakinsa.

A yau

Bugu na biyar na Dungeons & Dragons, na 2014, yana da mataki 20, kuma maki 300 kawai ake buƙata don hawa na 2, 900 don na 3. Sababbin shiga kan fara daga 1, gogaggu da yawa kuwa daga 3.