Mece ce "tacewa ta uku" a zancen ruwan ƙazanta?

Masu aikin tsabtar gari sukan ambaci "tacewa ta uku", sai mai sauraro ya zaci ana nufin a zuba ruwa a mataci sau uku, kamar yadda uwargida ke tace gasara. Ba haka ba ne. Matakai ne, kowanne da irin dattin da yake fitarwa.

Na farko sananne ne: a tare leda da tsummoki, a bar ruwan ya kwanta har laka ta sauka ƙasa. A na biyu ana hura wa ruwan iska domin ƙwayoyin bakteriya su cinye ruɓaɓɓen abin da ke ciki, dabarar da aka gano a Mancesta ta Ingila a 1914. Daga nan ruwa kan fito garau, wari ya tafi. Nan ne kuma ido ke yaudarar mutum.

Abin da ya saura narkakke ne, ba a ganinsa. Duk manomin da ya taɓa sayen buhun takin 15-15-15 ya san harufan NPK. To, biyun farko, wato azot da fosfor, suna nan jingim cikin fitsari da bayan gida, wani garin sabulun ma yana ƙara fosfor. A gona albarka ne. A tabki kuwa, gansakuka da kainuwa suke yi wa taki. Ruwa ya koma kore shar, da dare tsiron ya shanye iskar da ke ciki, da asuba ka tarar da kifi ya taso ciki sama. Tacewa ta uku ita ce fitar da azot da fosfor ɗin nan, tare da kashe sauran ƙwayoyin cuta.

Azot, bakteriya ne dai ke fitar da shi: a bi da ruwan ta kwarmi mai iska, sannan marar iska, sai ya zama gas ya koma sararin sama, inda dama kashi 78 cikin 100 na iskar shi ne. Fosfor kuma da alif ake kama shi, wannan dai alif ɗin da iyayenmu mata ke jefawa a randa idan ruwa ya gurɓace. Ƙwayoyin cuta, fitila ta musamman ko kulorin ke gamawa da su.

Wani zai ce ina ruwan Damagaram, mu da ba mu da kogi? Ai ruwa ba ya tsayawa inda aka zubar da shi. Kwatar Birni da ta Zango tana gangarawa tabkunan cikin gari, wani ya nutse ƙasa, kuma a kudu akwai kwarin Korama da lambunan Mirya, inda rijiya ba ta da zurfi. Kogonmu a ƙarƙashin ƙafa yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sinadarin nitrat, wanda wani nau'in azot ne, ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya ta ruwan sha, saboda jarirai, kuma tafasawa ba ta fitar da shi. Garin da ya san tsadar jarkar ɗan garuwa a watan bazara bai kamata a tsaya yi masa dogon bayani ba.

Ni dai ban ga hikimar ɗora wa ƙaramin gari injin da ke buƙatar lantarki dare da rana ba. Birnin Windhuk na Namibiya tun 1968 yake maida ruwan ƙazanta ruwan sha, amma wannan aikin masu hali ne. Mu abin da muke da shi a yalwace rana ce da fili. Abin da ya dace da mu shi ne jerin tabkunan da aka gina, na ƙarshe bai fi zurfin mita ɗaya da ɗoriya ba, rana na kashe ƙwayoyin cuta a ciki, sannan ruwan ya ratsa fadamar yashi da tsakuwa da aka dasa wa kacala. Sai dai a shafe gindin da yumɓu ko a shimfiɗa roba don kada ya tsiyaya, a riƙa yanke kacalar ana kwashewa, a kuma yashe lakar bayan ƴan shekaru.