Addu'a a Lokacin Kaɗaici da Ƙunci: Tambayoyi da Amsoshi

Laifi ne Kirista ya ce wa Allah ya yashe shi?

Ba laifi ba ne. A cikin Zabura 150 da ke Littafi Mai Tsarki, da yawa kuka ne da kai ƙara. Dubi Zabura 88: marubucin ya fara da kuka dare da rana, ya ƙare da cewa abokai da masoya sun yi masa nisa, duhu kaɗai ya rage masa. Babu ayar murna ko ɗaya a ƙarshenta, amma an bar ta a littafin da ake karantawa a majami'a. Yesu kansa a kan gicciye farkon Zabura 22 ya ɗaga, yana tambayar Allah don me ya yashe shi. Shi ya sa nake ganin masu saurin cewa "ƙarancin bangaskiya ne" ga wanda ke kuka sun yi garaje. Mai kai ƙara wurin Allah ai bai juya masa baya ba tukuna.

To idan baki ya kasa furta komai fa?

Hannatu, uwar annabi Sama'ila, ta shiga wannan halin a Shilo, inda Isra'ilawa ke zuwa sujada. Rashin haihuwa ga gorin kishiyarta Feninna, har abinci ya fita ranta. Tana addu'a leɓunanta na motsi, ba a jin muryarta, har Eli firist ya zaci ta bugu ne. Manzo Bulus kuma ya ce a Romawa 8:26 Ruhu Mai Tsarki yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Wanda ya rasa kalmomi sai ya ari na wasu: ya karanta Zabura 42 da ƙarfi, ko ya maimaita Addu'ar Ubangiji a hankali.

Na yi ta roƙo, ba abin da ya canza. Ba a ji ni ba ne?

Rashin canji ba ya nufin ba a ji ba. Sau uku Bulus ya roƙa a cire masa wata wahala da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba, sai aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi. A lambun Getsamani ma, inda Yesu ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala kafin a gicciye shi, ba a ɗauke ƙoƙon ba.

Addu'a kaɗai ta isa, ko sai an nemi mutane?

Labarin Iliya a 1 Sarakuna 19 ya amsa wannan. Bayan karawarsa da annabawan gunkin Ba'al a Dutsen Karmel, sarauniya Yezebel ta yi rantsuwar kashe shi, ya gudu jeji, ya zauna gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Mala'ikan da ya zo bai yi masa wa'azi ba. Gurasa mai zafi da tulun ruwa ya ajiye masa, ya ci ya sha ya koma barci, aka sake tashe shi ya ƙara ci. Da ya kai Dutsen Horeb yana cewa shi kaɗai ya rage, Allah ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma aike shi wurin Elisha. Saboda haka gwauruwar da gida ya yi wa faɗi ta leƙa taron zumuntar mata, ɗalibin da ke baƙuntar wani gari ya nemi fasto ko dattijon ikilisiya. Idan kuwa barci ya ƙaurace na makonni, ko tunanin kashe kai ya fara zuwa, a gaya wa wani a ranar, a je asibiti, ana tafiya ana addu'a.