Aure, aiki da matsayin mace da namiji a ƙasar Japan

Tsarin da aka daɗe ana kai a Japan shi ne miji ya fita nema, mata ta riƙe gida, kuma ba wai al'adar kaka da kakanni ce kawai ba, gwamnati da kamfanoni ne suka gina shi da hannunsu. A zamanin Sarki Meiji, daga 1868 zuwa 1912, aka yaɗa taken ryosai kenbo, wato mace ta gari uwa mai hikima, ana koyar da shi a makarantun 'yan mata, dokar iyali ta 1898 kuma ta damƙa ragamar gida a hannun maigida. Kundin tsarin mulki na 1947 ya soke wannan, ya ce aure yardar mutum biyu ce kuma haƙƙinsu ɗaya ne.

Amma fa bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da tattalin arziki ya bunƙasa, a nan ne abin ya ƙara kafuwa. Kamfani zai ɗauki namiji aiki har ya yi ritaya, shi kuma ya ba kamfanin rayuwarsa gaba ɗaya, ya fita da sassafe ya dawo tsakar dare, in an ce an mai da shi wani gari ya tattara ya tafi ba musu, to dole sai akwai wadda za ta zauna da yara da tsofaffi. Ita ake kira sengyo shufu, matar da gida ne aikinta. A gidaje da yawa ita ke riƙe albashin ma, ta yanka wa mijin kuɗin kashewa duk wata, suna ce masa okozukai. Mace ta ajiye aiki saboda aure har suna gare shi, kotobuki taisha, murna ake taya ta.

A 1986 dokar daidaita damar aiki ta fara aiki, sai kamfanoni suka raba ma'aikata layi biyu, layin ƙarin girma wanda kusan duk maza ne, da layin aikin ofis na yau da kullum wanda mata suka cika. Haraji ma ya taimaka, shekara da shekaru har zuwa 2024 in kuɗin da matar aure ke samu ya wuce yen, kuɗin Japan, miliyan 1.03 a shekara sai ta fara biyan haraji, shi ya sa da yawa suke tsayawa a aikin wucin gadi suna lissafin awoyi kar su ƙetare.

Ra'ayin mutane kam ya canja sosai. A binciken da gwamnati ke yi, a 1979 sama da kashi 70 cikin ɗari sun yarda miji waje mata gida, a 2022 kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka rage. Tun shekarun 1990 gidajen da mata da miji duk ke aiki suka fi yawa. Matsalar ita ce aikin gida bai rabu ba, mace ta dawo daga ofis ta tarar da girki da wanki da yara suna jiranta, shi kuma yana can ofis don ba a son ƙaramin ma'aikaci ya tashi kafin oga, kuma gaskiya shi ma ba daɗi yake ji ba tunda har kalma suke da ita ta mutuwa saboda yawan aiki, karoshi. Maza masu ɗaukar hutun haihuwa sai a 2023 suka kai kashi 30. A 2018 kuma aka gano Jami'ar Likitanci ta Tokyo tana rage wa mata maki a jarrabawar shiga, wai za su bar aiki in sun haihu, abin ya tayar da ƙura ba kaɗan ba.

Duk wannan a kan aure yake sauka. A 1972 an ɗaura aure sama da miliyan ɗaya, a 2023 bai kai dubu 500 ba. Namiji sai ya kai wajen shekara 31, mace kusan 30 kafin auren fari, ƙidayar 2020 kuma ta nuna kusan kashi 28 na maza da kashi 18 na mata sun kai 50 ba su taɓa aure ba. Auren haɗi na omiai da ya fi yawa a da ya ja baya tun ƙarshen shekarun 1960, yanzu neman aure ya zama aiki mai zaman kansa da ake kira konkatsu, har gwamnatin Tokyo ta fito da manhajar haɗa masu neman aure a 2024. Saurayi mai aikin kwantiragi yana ganin bai isa riƙe gida ba, budurwa mai aiki tana ganin abin da za ta rasa. Da yake kusan kashi 2 kawai na yara ake haifa ba aure, raguwar aure raguwar haihuwa ce kai tsaye, a 2024 jariran Japanawa ba su kai dubu 700 ba.

Sai rigimar suna. Sashe na 750 na dokar farar hula ya tilasta ma'aurata su ɗauki sunan iyali ɗaya, kusan kashi 95 mace ce ke barin nata, abin da Bahaushiya da ke riƙe sunan mahaifinta har abada za ta yi mamaki. Kotun ƙoli ta tabbatar da dokar a 2015 da 2021. Sanae Takaichi, mace ta farko da ta zama firaminista a Oktoban 2025, ita ma tana cikin masu adawa da a canja ta.